Matosan Tsohuwa

Ƙarfe bakwai na safiyar Asabar, ranar tserenmu na shekara, na buɗe rumfar ƙungiya na tarar da amalanken Tsohuwa a wurinsa, ita kuwa babu ita babu tamfol ɗinta. Na zagaya bayan rumfa, na dawo na sake leƙawa ciki, kamar wadda ta yar da ɗankunne. Sai da na yi haka sau uku sannan na kurma ihun da ya tayar da kajin ƙauyen Whenu-Koji gaba ɗaya.

Tsohuwa babur ɗin ruwa ce, kuma da hannuna na raya ta. Shekara biyu da suka wuce na kwaso ta a bayan wani otal, bayan ta yi wata shida a ƙarƙashin ruwa har katantanwa sun kafa unguwa a cikinta. 'Yan ƙungiya suka yi dariya har da riƙe ciki, su ne ma suka laƙaba mata sunan. Litinin zuwa Juma'a ina shagona a Ojo ina sayar da tayil, Asabar da Lahadi ina rumfar nan hannu dumu-dumu da baƙin mai. Na warware injin na sake haɗa shi, na buɗe masa numfashi, na canza farfela sau uku, na goge cikinta har mutum yana ganin fuskarsa. Ranar ce za ta shiga tsere karo na farko, ƙarfe huɗu na yamma. Wanda bai tsaya a layi ba a lokacin, sai baɗi.

Wanda ya fara isowa shi ne Boda Goke, shugaban ƙungiyarmu, mutumin da shekara takwas a jere ba a ganin komai nasa a tsere sai bayansa. Shi ya koya mini riƙe sifana. Ko jiya da yamma shi ya duba Tsohuwa a gaban kowa, ya taɓa komai ya ce ta shirya. Ya riƙe mini agogo na yi zagaye ɗaya, ya daɗe yana kallon agogon, sannan ya ce, "Ba laifi, Labake." Wanda ya san Boda Goke ya san wannan lambar yabo ce.

"Labake, wa ya mutu?"

"Boda, Tsohuwa! An ɗauke ta!"

Kafin minti goma bakin ruwa ya cika. 'Yan ƙungiya a gefe ɗaya da tabarau da gajerun wanduna, masuntan ƙauye a ɗaya gefen da hannuwa a ƙirji. Ba a fasa kwaɗo ba, amma wannan bai gaya wa kowa komai ba, domin makullin rumfa a ƙarƙashin bulo yake kwana, kuma har awakin ƙauyen sun san bulon.

Oga Dapo, mai babura biyar da tumbi ɗaya, shi ya fara nuna yatsa. "Masunta ne! Ba Sewanu ba ne ya rantse zai ƙona babur ɗinta ranar da ta yanke masa koma? A kira 'yan sandan ruwa su juye ƙauyen nan!"

"Juye tumbinka tukuna!" wata mai kifi ta jefo daga baya. Wurin ya kaure.

Boda Goke ya ɗaga hannu. "Ba za a kira kowa ba. A bari a gama tsere, gobe mu neme ta a tsanake. Labake, yi haƙuri, baɗi ma shekara ce."

Baɗi! Ni da na ci shekara biyu ina cire katantanwa da cokali! Na buɗe baki zan faɗi abin da zan yi nadama, sai wata murya ta riga ni.

"Kafin ku kira kowa, ku kwashe ƙafafunku daga bakin ruwan nan. Kuna tattake mini magana."

Iya Senami ce, mai kamun ƙaguwa, ƙanwar mahaifiyar Sewanu. Dattijuwa ce 'yar firit, taba-gari a kunci, ƙafa ba takalmi. Idan kwalekwale ya tsinke, ko aka sace koma, ita ake kira, kuma ban taɓa jin ta dawo hannu biyu ba.

* * *

Ruwa ya janye sosai, laka ta fito fili. Iya Senami ta tsuguna tana tafiya a tsugune, ni ina bin ta ina taka inda ta taka.

"Mutum ɗaya ne," ta ce. "Da asuba, ruwa ya fara sauka. Ga tayoyin amalanke sun gangara da nauyi, ga su sun hau ba nauyi." Ta ɗago ta dube ni. "Ɓarawon naki yana da tarbiyya. Har mayar da amalanke ya yi."

Sawun ƙafa bai tsaya inda amalanke ya tsaya ba. Ya ci gaba cikin laka, taku bayan taku, har can ƙasa. Iya ta tsaya a sawun ƙarshe, ta dubi layin da ruwan asuba ya bari a jikin turakun gadar katako ta bakin ruwa, ta auna da hannu a jikinta.

"Nan ruwa ya kai masa ƙugu. Me zai sa mai sata ya yi wannan wanka, ga abin hawa a hannunsa?"

Ni kuwa na san amsar. Babur ɗin ruwa ta ƙarƙashinsa yake zuƙo ruwa ya feso ta baya. Ka kunna shi a ruwa mara zurfi, yashi zai zuƙo, farfela ta tashi aiki. Dokar farko ke nan da ake koya wa sabon shiga: sai ruwa ya kai ƙugu.

Na gaya mata. Ta tofar da taba ta ce, "To. Masuntanmu ba su san wannan ba, kuma ko sun sani ba su da wannan haƙurin. Amma mu je wajen Sewanu, kada mai tumbi ya ce na rufa wa jinina asiri."

* * *

Mun sami Sewanu a ƙarƙashin kwakwa yana ɗinkin koma, ƙato mai furfura a gemu. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Anti mai tayil, kin zo bincike? Shiga ɗaki ki duba ƙarƙashin gado, wataƙila na naɗe ta a tabarma."

"Kai ka ce za ka ƙona ta."

"Na ce, kuma da na ƙona ta da kin ga hayaƙi. Ni mai faɗa ne, ba ɓarawo ba."

Iya ta dungure masa kai. "Bar surutu. Da asuba kana ina?"

"Ina kan ruwa ina ɗaga tarko. Na ji ta kuwa. Wa bai san muryar wannan abar ba? Kamar akuya ta haɗiyi ƙaho."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?" na daka masa tsawa.

"Wa ya tambaye ni? Zagina aka fara yi." Ya ciji zare ya tofar. "Ta daɗe a tsaye tana gurnani, kamar tsawon shan kofin koko mai zafi, sannan ta tashi. Na ɗauka ke ce, sai na gane ba ke ba ce."

"Ka ga fuskarsa?"

"Hazo ne a kan ruwa, ban ga fuska ba. Amma ya bi ta bayan sandunan iyaka, ya bar komayenmu a hagu, daidai yadda muka yi yarjejeniya da ƙungiyarku. Ke kuwa, Anti, tun da aka kafa sandunan nan ba ki taɓa ganinsu ba."

Na haɗiye wannan, domin gaskiya ce. Ɓarawo ya ɗumama inji kafin ya tashi, ya kuma kiyaye dokar koma. Da muka tambayi inda ya nufa, Sewanu ya nuna yamma da allurarsa. Gida ɗaya ne babba a yamma, mai koren rufi da gadarsa ta kansa.

"Oga Dapo!" na ce, jinina ya tafasa. Sau uku yana neman in sayar masa da Tsohuwa, sau uku ina ce masa ya je ya sayi hankali.

* * *

Iya ta tuƙa mu a kwalekwalenta. Oga Dapo ya riga mu komawa gida, yana ganinmu ya sheƙo da gudu ya tare ƙofar rumfarsa, hannu a ware.

"Ba mai shiga! Wannan gidana ne!"

Ta ƙarƙashin hammatarsa na hango babura huɗu a jere, da wani abu na biyar a lungu, an lulluɓe shi da tamfol har ƙasa. Ban tsaya sallama ba. Na sunkuya na wuce, na fizge tamfol ɗin da ƙarfin da na kusa faɗuwa.

Ba Tsohuwa ba ce. Wani jan babur ne sabo fil, ledar kujera ma ba a cire ba, wanda Oga Dapo ya yi wata biyu yana ce mana yana tashar jiragen ruwa ba a sallamo shi ba. Na ɗaga kujera, na zaro sandar auna mai. Man ya koma fari kamar kunun gyaɗa.

"Oga," na ce a hankali, "ka buɗe famfo kafin ka kunna inji?"

Ya zauna daɓas a kan bokiti. "Don Allah, Labake, kada 'yan ƙungiya su ji. Rana ta farko ce. Ɗoki ne ya ɗebe ni."

Duk da baƙin cikin da nake ciki sai da dariya ta ƙwace mini. Iya ta tambayi abin dariyar, na bayyana mata. Ruwanmu na gishiri ne a wannan lokaci na shekara, gishiri kuwa cin inji yake yi. Duk wanda ya fito daga ruwa sai ya wanke cikin injinsa da ruwan daɗi ta tiyo. Inji ake fara kunnawa sannan a buɗe ruwa, ruwa ake fara rufewa sannan a kashe inji. Wanda ya juya wannan, ruwa ya cika masa inji. Bayan wanka sai a kwance matosai, wato roba biyu masu zare da ke toshe ramuka biyu a gindin babur, don ruwan da ya taru a ciki ya tsiyaye.

"In an kwance su, ina ake ajiyewa?" in ji Iya.

"A aljihun rigar ruwa, tare da igiyar kunnawa. Dokar Boda Goke ce. Shekarun baya ya taɓa mantawa da nasa a kan bulo, ya shiga ruwa, babur ya nutse da shi a gaban surukansa. Tun ranar ya ce matosai da igiya aljihu ɗaya, don kada hannu ya ɗauki ɗaya bai taɓa ɗaya ba."

Iya ta dubi Oga Dapo daga sama har ƙasa. "Wannan ba shi ba ne. Wanda nake nema ba ya ɗoki." Ta juya. "Taso, rana tana tafiya."

* * *

Sha biyu ta wuce. Daga gidan Oga Dapo ruwa ya rabu gida uku, kowane rafi ya shige cikin itatuwan fadama masu saiwa a waje. Ni dai ruwa nake gani, ruwa kuwa ba ya riƙe sawu. Na faɗa mata haka, har da ɗan kuka a muryata.

"Ruwa ba ya riƙewa, gaɓa tana riƙewa," ta ce. "Buɗe idonki."

Ta matsa da kwalekwale jikin laka. A bakin rafi na farko ramukan ƙaguwa suna nan lafiya, kowanne da 'yar katangar laka a bakinsa. A na biyu ma haka. A na uku kuwa katangun sun rushe, duk sun kwanta gefe guda, har sama da inda ruwan asuba ya tsaya.

"Kwalekwale ba ya tayar da igiyar ruwa haka. Abinku ne."

Ta kamo wata saiwa ta shafa, ta kai hanci, ta miƙo mini yatsa. Na shaƙa, sai na ji kamar in faɗa ruwa don murna. Man zurma! Ni kaɗai a ƙungiya nake haɗa shi a man inji, shi ya sa ake tsokanata wai Tsohuwa tana wucewa ana jin ƙanshin suyar ƙosai.

"Ita ce, Iya! Wallahi ita ce! Tuƙa!"

"Ke ce za ki tuƙa, ni ido nake yi."

Na karɓi filafili na tuƙa kamar ana bi na. Rafin ya yi ta ƙanƙancewa, rassa suna marin fuskata, sauro yana cin rabonsa. Iya tana gaba tana nuna dama, tana nuna hagu. Can sai katangun ƙaguwa suka daina rushewa. Mai babur ya rage gudu ke nan, amma gaɓa biyu duk iri ɗaya, babu alamar inda ya fita. Muka wuce, muka dawo, muka sake wucewa. Ƙarfe ɗaya da rabi.

Sai Iya ta ce, "Tsaya."

Gaɓar hagu cike take da ƙananan ƙaguwa masu hannu ɗaya babba, dubbai, suna ta kai da kawo. Amma a tsakiyarsu akwai wani siririn fili, faɗinsa bai fi tabarma ba, daga sama har bakin ruwa, babu ƙaguwa ko ɗaya. Ta sauka, ta dangwali lakar wurin ta ɗanɗana.

"Ruwan daɗi. Waɗannan 'yan gishiri ne, ba sa son shi. Wani ya zubar da ruwan rijiya mai yawa a nan yau da safe."

Muka bi filin muka hau tudu. Tsohuwar gonar kwakwa ce da aka daina nomawa, da rijiyarta. Bayan rijiyar ga tarin ganyen kwakwa, kuma a ƙarƙashinsa na hango gefen shuɗin tamfol ɗina.

Ban san lokacin da na isa ba. Na watsar da ganyen, na yaye tamfol, ga Tsohuwa tana ƙyalli. Na rungume ta ina kuka ina dariya, ina sumbatar kujera. Iya ta bar ni na gama haukata, sannan ta ce, "Yanzu duba ta da idon sana'a."

Na duba. An ɗora ta a kan tsoffin tayoyi biyu don kada cikinta ya karce, hanci sama, gindi ƙasa. An ɗage kujera da ɓawon kwakwa don inji ya sha iska. An fesa wa injin mai. A reshen bishiya ga jarka a rataye da guntun tiyo. Mutumin nan ya sato ta, ya jawo ta tudu shi kaɗai a kan guntayen itace, sannan ya tsaya ya yi ta jan guga yana yi mata wanka, domin zuciyarsa ba za ta bar shi ya tafi ya bar gishiri a cikin inji ba.

Na zagaya baya. Ramuka biyu suna kallona, babu matosai. Na duba ƙasa, na duba ƙarƙashin kujera, na duba cikin tayoyi. Babu.

"Suna aljihunsa," in ji Iya. "Hannunsa ne ya saka, kansa bai sani ba. Sawunsa ya haura tudu ya faɗa bakin teku, daga can tafiyar rabin awa ce zuwa rumfarku. Mutum nawa ne a cikinku za su yi wannan aikin haka?"

"Da yawa," na ce da sauri. "Mu goma sha ɗaya ne masu gyara da kanmu."

Ta dube ni. Ƙarya nake yi, kuma ta sani. Mutum ɗaya na sani da yake ɗage kujera da ɓawon kwakwa, amma na ƙi barin sunansa ya iso bakina.

"To, ba sai kin faɗa ba. Shi zai faɗa." Ta ce in ba ta silifa ɗaya. Ta zaro wuƙa ta yanko gunduwa biyu, ta fere su, ta zura hannu ta cikin babur ta cusa su a ramukan daga ciki, irin yadda suke toshe kwalekwale. Daga waje ba a ganin komai. "Wannan zai riƙe ki awa ɗaya. Jiya kowa ya ga an duba ta da matosanta, ko? To mutum ɗaya ne a duniya ya san babu su. Kira Sewanu ya zo da babban jirgi da ƙannensa. A bushe za ta koma."

* * *

Uku da rabi muka iso. Bakin ruwa ya cika maƙil, ga kiɗa, ga masu gasa kifi, babura goma sha huɗu a jere kowanne da lambarsa. Da aka hango Tsohuwa kwance a kan jirgin Sewanu, ihu ya tashi har tsuntsaye suka watse. Oga Dapo ya fi kowa tsalle.

"Ba na faɗa ba? Ga ta a jirginsa!"

"Oga, yaya jan babur?" na ce. Ya sulale bayan jama'a.

Ƙarti huɗu suka sauke ta a kan amalanke, tamfol yana rufe da gindinta. Iya Senami ta hau kan bulo, ta sa Sewanu da Oga Dapo da 'yan ƙungiya duka suka matso. Boda Goke yana gaba cikin rigar ruwansa, lamba ɗaya a ƙirji.

"Masunci bai ɗauki abin nan ba," ta ce. "Wanda ya ɗauka ya shiga ruwa har ƙugu kafin ya kunna. Ya kauce wa koma. Naku ne, yana tsaye a nan. Sunansa kuwa ban sani ba, laka ba ta rubutu."

Aka fara kallon juna. Boda Goke ya yi gyaran murya. "Za mu zauna a kan wannan bayan tsere. Labake, ba lokacin duba ta. Bari sai..."

"Ai an duba ta, Boda," na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Kai da kanka jiya. Mai a cike, matosai a ɗaure. Yadda na bar ta haka na same ta. Sewanu, tura!"

Na ɗaura rigar ruwa, na saƙala igiyar kunnawa a wuyan hannu. Amalanke ya gangara, gindin Tsohuwa ya shiga ruwa, sannan Sewanu ya janye tamfol. Na riƙe ta muka shiga. Ruwa ya kai gwiwa. Ban waiwaya ba. Ni na san silifata tana ciki, ba nutsewa nake tsoro ba. Tsorona kada in kai layi ba wanda ya yi magana. Layin tashi a tsakiyar ruwa yake, inda zurfi ya fi tsawon mutum uku, kuma a nan ake tsayawa minti biyar ana jiran tuta. Duk wanda ya san ramukan nan a buɗe suke, ya san a nan Tsohuwa za ta koma inda na tsamo ta.

Ruwa ya kai cinya. Shiru, sai kiɗa. Ya kai ƙugu. Na hau, na danna, Tsohuwa ta amsa da muryarta ta akuya, ƙanshin ƙosai ya tashi, jama'a suka yi tafi. Na juya hancinta wajen layi. Idona ya cika da hawaye, na ce a raina, shi ke nan, ya zaɓi kofin tserensa.

"Labake! Kashe! Kashe inji!"

Na waiwaya. Boda Goke ne a guje cikin ruwa, yana faɗuwa yana tashi, hannu ɗaya a sama. "Babu matosai! Fito da ita, za ta sha ruwa! Ga su nan!"

Mai kiɗa ya tsaya. Na fizge igiya, inji ya mutu. A tafin hannunsa ga roba biyu, masu ɗigon jan fentin farce da nake sa wa duk kayana.

Bai ko lura da shirun ba. Ya kama gindin Tsohuwa ya ɗaga, ya lalubi ramin, yatsansa ya taɓa silifa. Ya tsaya. Ya dubi ramin, ya dube ni, ya dubi Iya Senami a kan bulo tana gyara tabarta. Sannan ya saki numfashi, kafaɗunsa suka zube.

"Me ya sa, Boda?"

"Agogo," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Zagayen da kika yi jiya. Kin fi ni da daƙiƙa huɗu, Labake, ko matsa ta ba ki yi ba. Na ce in ɓoye ta yini ɗaya, gobe in taya ki nemowa." Ya share fuska. "Shekarata hamsin da biyu. Kofi ɗaya kawai nake so in ƙara."

Na ji haushi, na ji tausayi, na ji kamar in kwaɗa masa sifanar da ya koya mini riƙewa.

"Ni ka bar ni a gefe," na ce. "Tun safe ake kiran Sewanu ɓarawo kana tsaye."

Ya juya, ya fita daga ruwa, ya je gaban Sewanu, ya kwanta rub da ciki a kan yashi a gaban ƙauye da ƙungiya. Sewanu ya bar shi ya ɗan ji zafin yashin, sannan ya ɗago shi. "Tashi, Boda. Kai kaɗai ne a cikinsu kake ganin sanduna."

Boda Goke ya fara ɓalle lambar ƙirjinsa. "Na fita daga tseren. Shugabancin ma ku ba wani."

"Shugabanci ku ƙarata can," na ce. "Amma lambar nan mayar da ita. Ban yi shekara biyu ina cire katantanwa don in tsere da Oga Dapo ba. Zo ka ɗaura mata matosanta, huɗu saura minti bakwai!"

* * *

Tuta ta faɗi, babura goma sha biyar suka yi kukan kura. Ban san komai ba sai iska da gishiri a baki da Tsohuwa tana rawa a ƙarƙashina. Zagayen farko Boda Goke yana gabana. Na biyu muna kafaɗa da kafaɗa, kuma wallahi bai sassauta mini ko kaɗan ba, har matse ni ya yi a kwana yadda ya saba matse kowa. A zagaye na uku na buɗe mata wuta gaba ɗaya. Na bi ta bayan sanduna, na bar komaye a hagu, na ji Sewanu yana ihu daga jirginsa, "Ta gan su! Yau ta gan su!" Da na ƙetare layi na waiwaya, karo na farko a shekara takwas wani ya ga fuskar Boda Goke daga gaba.

Aka ɗaga ni sama, aka jefa ni ruwa, aka sake ɗagawa. Iya Senami ta ƙi karɓar komai sai ɗayar silifar, wai ta yi mata amfani a kwalekwale.

Da aka watse na tura Tsohuwa wajen famfo da ƙafa ba takalmi. Boda Goke yana can tsaye riƙe da tiyo, inda yake tsaya mini kowace Asabar shekara biyu. Na kunna inji, ya buɗe ruwa. Ya rufe ruwa, na kashe inji. Ya sunkuya ya kwance matosai, hannunsa ya nufi aljihunsa, sai ya tsaya a hanya.

Na miƙa tafin hannuna. Ya zuba mini su.